Jan Kallabin Iya Tabawa

An yi wata mai haɗa sola da ta je wani ƙauye mai nisa don sa wa rijiyarsu famfo. Tana aiki tana cewa, "Jar waya ga alamar tarawa, baƙa ga alamar ɗebewa."

Ana cikin aiki sai jar waya ta ƙare, saura baƙa.

Mai unguwa ya ce, "Sa baƙar mana! Wuta ta san launi ne? Yara na jin ƙishirwa."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wuta ba ta sani ba. Amma wanda zai zo gyara bayana, launi zai duba. In ya juya su, famfo ya ƙone."

Sai wata tsohuwa, Iya Tabawa, ta shiga gida ta ɗauko jan kallabinta na zuwa biki, ta kekketa shi. Ta ce, "Ungo, 'yata, ɗaura wa ta tarawar." Aka sa baƙar waya, aka ɗaura mata jan ƙyallen, ruwa ya zo.

Shekaru suka wuce, Iya ta rasu. Wata rana famfo ya tsaya, aka kira jikanta Barau, wanda ya koyo gyara a birni. Ya tarar da wayoyi biyu duk baƙaƙe, ya rasa wacce ce wacce. Can sai ya ga wani koɗaɗɗen jan ƙyalle a jikin ɗaya. Ya shafa shi, ya gane kallabin.

Ya ce a hankali, "Na gani, Iya."

Ya sa sabuwar jar waya, sannan ya mayar da ƙyallen ya ɗaura a kanta.