Ramin Cikin Talabijin ɗin Cletus

Ana gab da kiran magariba Kulsumu ta aiki ɗanta Sirajo ya kira mata yayanta Gwadabe, tuwo ya soma hucewa. Ba ta faɗi inda zai same shi ba. A daminar 1995 duk unguwar an san inda dattijon yake wuni: shagon Cletus mai gyaran rediyo, bayan tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda.

Cletus ya samo wani tsohon gem, wato na'urar wasa, cikin kayan gwanjo daga kudu, ya jona shi da talabijin. Samari sun fi son kaset ɗin ƙwallo da na dambe. Akwai wani kaset mai ruwan toka da takardarsa ta ɓare, ba mai taɓa shi sai Sirajo, wanda ya gama sakandare yana zaman jiran sakamako. A cikinsa mutum ke shiga wani kurkuku a ƙarƙashin ƙasa da takobi da fitila, lungu bayan lungu, yana kashe dodanni yana neman matakalar da za ta ƙara nitsar da shi.

Kawu Gwadabe gyaran rediyo ya kawo ranar farko. Ya tsaya kallo, bai tafi ba. Tsohon mai haƙar rijiya ne, ya ce bai taɓa zaton Bature ya san daɗin cikin ƙasa ba. Sirajo na karanta Turancin, Kawu na riƙe hanya a ka. Daga baya ya koyi danna hannun gem ɗin da kaurin yatsunsa, in ya kayar da dodo sai ya yi ta dariya har da tari.

Ran nan an ɗauke wuta tun la'asar. A bakin layi Sirajo ya gamu da Cletus riƙe da galan, zai sayo fetur ɗin janareto. Ya ce ya bar Baba Gwadabe a ciki, ya ƙi tashi, wai zai jira wuta.

Amma da Sirajo ya iso, wani koren haske na fitowa ta ƙarƙashin ƙofar.

Ya yi sallama. Shiru. Ya tura.

Shagon ya saba warin dalma da ƙonanniyar waya. Yau warin danyar laka yake, irin na gindin rijiya. Sanyi ya bugi ƙwaurinsa.

Talabijin na kunne. Kawu na zaune a kan benci, hannayensa bisa gwiwa. Hannun gem ɗin na yashe a ƙasa, ba mai taɓa shi, duk da haka hoton na tafiya. Bangon da ke cikin hoton ba na bulo ba ne kamar kullum. Jar ƙasa ce, da 'yan ramukan taka ƙafa a jikinta. Kuma ba gaba ake tafiya ba. Ƙasa ake yi.

Babu kiɗan wasan. Sai sautin diga, can nesa. Tim. Tim.

"Kawu, Inna na kira," in ji Sirajo a hankali.

Dattijon bai waiwayo ba. "Yi shiru," ya raɗa. "Malami ne. Shina aiki."

Sirajo ya san sunan. Ƙanen Kawu ne, wanda rijiya ta rufta da shi a Birnin Tsaba tun kafin a haifi Sirajo. Ba a samu gawarsa ba.

Ya laluba bayan talabijin ya fizge waya. Ta fito a hannunsa. Hoton bai mutu ba.

Digar ta tsaya.

Wani yana numfashi a cikin akwatin. Sai wata murya, a shaƙe kamar baki cike da yashi.

"Yaya. Sabko. Mun kai ga ruwa."

Kawu ya yunƙura zai miƙe, ya kasa. A nan Sirajo ya dubi ƙasa.

Ƙafafun dattijon sun nutse cikin simintin shagon har idon sawu. Simintin na motsi kamar taɓo. Yana kallo suka ƙara shigewa.

Ya kama Ayatul Kursiyyu, harshensa na sarƙewa. Ya rungumo kawunsa ta baya ya ja. Wani abu a ƙasa ya ja shi ma.

"Sake ni, ɗana," in ji Kawu, yana hawaye. "Shi kaɗai ne can."

A gilashin, can ƙasan ramin, wani abu ya ɗago kai. Fuska ce, amma ta yi faɗi da yawa. Ba ta mutum ba ce.

Sirajo ya runtse ido, ya tokare ƙafa a jikin teburin talabijin, ya fizga da iya ƙarfinsa.

Suka zube a bakin ƙofa. Hasken ya ɗauke. Daga masallacin tasha ladan ya ɗaga murya.

Kawu ya yi kwanaki yana zazzaɓi. Da ya warke bai sake zancen wasan ba, kuma ko a tsakar rana da safa yake yawo, ya ce ƙafafunsa ba su jin ɗumi. Cletus ya ƙone kaset ɗin.

Simintin shagon kuwa lafiya lau aka same shi da safe, ko tsaga babu. Sai dai takalman Kawu babu su. Cletus bai samu natsuwa ba sai da ya sa magini ya fasa wurin. An haƙa har iya ƙugu kafin a ci karo da wari guda, jiƙe sharkaf. Maginin ya ɗaga diga zai nemi ɗayan, sai ya tsaya, ya kasa kunne. Ya fito daga ramin ya ce a mayar da ƙasar yanzu.

Wani ne ke haƙowa daga ƙasa.