Hular Kwano a Takarda Mai Zanen Zuciya

Ranar da ya fara shigowa shagon kyaututtukan, kanta na sunkuye, tana rubuta wa wani da ba ta taɓa gani ba cewa shi ne sanyin idonta. Aikinta ke nan. Mai saye ya zaɓi kati, ya ce a sa masa kalamai masu daɗi, ita kuma ta rubuta. Shi kuwa sabon mai kai saƙon shagon ne, babur ɗinsa na ƙofa, kansa ko hula babu.

"Wannan rubutu ai sai ya tada mara lafiya," ya ce.

"Na sayarwa ne," ta ce, ba ta ɗago ba. Da ta ɗago ɗin kuwa, sai da ta ɓata kati guda.

Kafin wata takwas ya koma kiran ta Alƙalamina, ita kuma tana ce masa Sarkin Gudu. Mahaifinta ya ce ya turo magabatansa. A wurin mahaifiyarsa magana ta cije. Ranar da ya kai ta gaisuwa, matar ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa.

"Ke ce mai rubuta wa mazan mutane ina son ka?"

"Aiki ne, Mama."

"Wadda ta faɗa wa mutum ɗari a yini, me ta rage wa ɗana? Ƙanzo?"

Ta yi kuka a hanya, amma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne saƙon da ya turo washegari: "Alƙalamina, maganar Mama ta tsaya min a wuya. Wata takwas, ko layi ɗaya ba ki taɓa rubuta min ba."

Gaskiya ne, ba ta taɓa ba. Duk wata kalma mai zaƙi da ta sani ta riga ta sayar da ita, kuma tana ƙyamar ta ba shi kwance.

Ranar masoya ta zo, shago ya yi ja wur. Furen da jiya ba mai kallo, yau mai shago ya ninka kuɗinsa uku, mutane kuwa har ture juna suke. Ba wanda ya kai ta sanin cewa kasuwa ce ake ci da zukatan bayin Allah. Duk da haka tana son ranar, ko don ganin gardi da gemu yana in-ina a kan kati. Ita ma ta sayi takarda mai zanen zuciya a farashin yankan kai, ta naɗe kyautarta.

Ya buɗe, sai ga hular kwano. A katin layi biyu ne kacal: "Ka ɗaure igiyar. Ka dawo min."

"Shi ke nan?" ya ce, fuska ba walwala.

"Shi ke nan."

Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi komawa ciki sai da ya ɗaure.

Da la'asar aka kira wayar shagon. Mota ta buge shi a mahaɗar titi, yana saurin kai sauran saƙonni. Abin da mai shago ya fara tambaya shi ne, "Kayan fa?" Ta ajiye alƙalami a tsakiyar kalma, ta fita.

A asibiti ta tarar ƙafarsa ta karye wuri biyu, bai farfaɗo ba. Mahaifiyarsa na zaune a gefen gado, hular a cinyarta, ta tsage gida biyu. Likita ya riga ya gaya mata da ba don hular ba, da yanzu wani zancen ake. A hannun matar kuma ga katin da aka ciro daga aljihunsa, jini ya ɓata gefensa.

"Wannan ma na sayarwa ne?" ta tambaya.

"A'a Mama. Wa zai sayi wannan?"

"Shekara uku ina fama da yaron nan ya sa hula, bai ji ba." Ta matsa gefe. "Zauna, 'yata. Ki yafe min."

Sai da rana ta kusa faɗuwa ya buɗe ido. Ya dube ta.

"Alƙalamina, na dawo."

"Na gani, Sarkin Gudu," ta ce, hawaye na zuba. "Ina son ka. Wannan ba a rubuce yake ba, naka ne kai kaɗai."

Bayan wata biyar aka ɗaura aure, ango na dogara sanda. Ƙafar ba ta koma daidai ba, babur kuwa shi da shi har abada. Mama ce ta riƙo hannun amarya da kanta, tana cewa Allah ya bar su tare, ya ba su zuriya ɗayyiba.

Har yau duk ranar masoya sai ta sayi kati a ninki uku, ta yi mitar tsada son ranta, sannan ta rubuta masa layi ɗaya. Cikin layi biyun katin nan na hula, na farkon ba shi da sauran amfani. Na biyun take rubutawa, ta cusa masa a aljihu kafin ya fita.