Mai Jiran Gadon Kujerarsa

Ɗakin taron ya kaure da tafi, Ndinda kuwa ko yatsa ba ta motsa ba.

"Na ce daga wata mai kamawa ke ce shugabar sashen tsaro," in ji Mista Gathogo, mai kamfanin, yana washe baki sai ka ce shi aka yi wa ƙarin girman. "Ko ba ki ji ba ne, 'yata?"

Ta ji mana. Shi ya sa ma ba ta tafa ba.

A hankali ta juya ta dubi Roshan, wanda kujerarsa ce ake cewa za a ba ta. Tafa mata yake yi. Har da murmushi!

"Yallaɓai... to shi Roshan fa?"

"Roshan ya gama abin da ya kawo shi. Shi da bakinsa ya ce kin iya, har kin fi shi zafin hannu. Ba za mu nemi a sabunta masa izinin aiki ba."

Shi da bakinsa!

Kofin shayin da ke hannunta ya suɓuce ya tarwatse a ƙasa. Mutane suka yi dariya, wai murna ce ta yi mata yawa.

Duk mai wannan sana'a a Nairobi ya san ƙa'idar. In kamfani ya ɗauko ƙwararre daga ƙetare, hukumar shige da fice ba ta ba shi izinin aiki sai an nuna mata ɗan ƙasa da zai zauna a gefensa yana koyo. Ranar da ɗan ƙasa ya iya, baƙo ya tattara ya koma gida. Kamfanin su Ndinda aikinsa kare kwamfutocin asibitoci da makarantu daga masu kutse, kuma da aikin ya fi ƙarfinsu sai suka ɗauko Roshan daga Sri Lanka. Ita aka rubuta a matsayin mai jiran gadonsa.

Yarinya ce mai ƙwaƙwalwa kamar me. Kafin a je ko'ina ta kwashe duk abin da ke kansa. Sai dai kafin nan shi ma ya kwashe zuciyarta, wannan siririn mutum da ke cin ugali, tuwon masarar Kenya, da cokali, yana ce wa kwandastan motar haya ta matatu "ranka ya daɗe". Da ta yi lissafi ta ga iyawarta ce tikitin tafiyarsa, sai ta koma daƙiƙiyar ƙarfi da yaji. Kullum "Roshan, ban gane nan ba." In ya shirya mata harin gwaji, ta bar shi ya wuce tana kallo, ta ɓata fuska kamar za ta yi kuka. Wauta ce, na yarda. Amma duk wadda ke dariya, nata Roshan ɗin ne bai zo ba tukuna.

Ranar Talatar da ta wuce ce asiri ya tonu. Roshan yana can a layin hukumar shige da fice ana ɗaukar zanen yatsunsa don sabunta izinin, wayarsa a kashe, sai masu kutse na gaske suka afka wa wani asibiti mai zaman kansa, suka fara kulle bayanan marasa lafiya. Ndinda ta manta da wasan da take yi. Ta ja kujera, ta fatattake su ita kaɗai, sannan ta yi shiru da bakinta, ta ce wa kowa abin ne ya tsaya da kansa.

A saman bene ta same shi bayan taron, inda ma'aikata ke shan iska.

"Ka ci amanata, Roshan!"

"Ndinda..."

"Kar ka kira sunana! Wa ya aike ka? Wa ya ce ka gaya masa na iya?"

"Na bi sawun aikin ranar Talata," ya ce a hankali. "Abin da kika yi kafin azahar, ni sai in kai yamma ina fama. Na zauna ina kallon allon nan. Na ce wace ce wannan? Ita ce mai cewa ba ta gane ba?"

Ta kau da kai.

"Tun yaushe kike yi mini ƙarya, masoyiyata?"

"Tun ranar da na fara sonka."

Ya rufe idonsa. Ta zaci zai rungume ta ne ya ce zai koma ya janye maganarsa. Ina!

"Akwai mata a ɗakin haihuwa ranar nan," ya ce. "Da kin zaci gwajina ne kin bar shi ya wuce fa?"

"Ai ban bari ba!"

"Ranar nan ba ki bari ba. Gobe fa? Duk lokacin da ƙararrawar kutse ta buga sai kin tsaya kina tunani, na gaske ne ko na Roshan ne, in iya ko kar in iya? Ba zan zauna a ƙasar nan a kan wannan ba."

"To zan ajiye aikin! In babu mai jiran gado dole su riƙe ka!"

"Ki ajiye, zan tafi. Ki karɓa, zan tafi. Ki zaɓi wanda ba za ki tsane ni a kansa ba nan gaba."

Ta tsaya tana kallonsa baki buɗe. Ba ta taɓa sanin akwai taurin kai haka a cikin mutumin da ko sauro sai ya ba shi haƙuri kafin ya kore shi ba. Ta juya ta sauka tana kuka, bai bi ta ba.

A bakin lif ta ci karo da Nekesa, jami'ar ɗaukar ma'aikata. Ita ta yi ta sintiri a hukuma har aka kawo Roshan, kuma tun daga filin jirgi take ganin wa kanta ta ɗauko shi.

"Barka da arziki, shugaba," in ji Nekesa tana gyara jan-baki. "Ga kujera nan, sai ki riƙa hira da ita."

"Matsa min, don Allah."

"Kin san dai da ba sai ya tafi ba? Na kawo masa mafita har tebur. A tura ki reshenmu na Kisumu, a ɗauko wani sabon yaro daga jami'a a rubuta shi mai jiran gado, shi ke nan ya samu wani wa'adin. Har Mista Gathogo ya amince."

Ndinda ta juyo ta dube ta.

"Sai... sai Roshan ya ce me?"

"Ya ce in aka taɓa ki ko da inci ɗaya, shi zai je hukuma da ƙafarsa ya faɗi gaskiya. Mahaukaci kawai." Ta shiga lif, ta riƙe ƙofar da takalminta. "Af, ki gaishe da Mama. Mun sha hira a waya jiya."

Da safiyar Asabar kuwa sai ga Mama daga Machakos, da buhun masara da wake, fuskar nan ba annuri. Ko zama ba ta yi ba.

"Ina yake? Ina Ba'indiyen?"

"Mama, ba ɗan Indiya ba ne..."

"Ko ɗan wata ne! An gaya min komai. Takardarsa ta kusa ƙarewa, ya ga yarinya mai katin ɗan ƙasa ya liƙe mata kamar kaska. Kira min shi yanzu!"

Ba a ma kira shi ba. Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga shi da tukunyar fure a hannu, furen da ya rena a tagar ɗakinsa, ya kawo wa Ndinda ta riƙe. Da ya ga dattijuwa sai ya rusuna, ya gaishe ta da gurguwar Swahilinsa.

Mama ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Wannan ne? Ba sa ba ka abinci ne a garinku? To buɗe kunnenka. 'Yata ba tsani ba ce da za ka taka ka samu takarda."

"Mama, ƙarshen wata zan tafi."

"Za ka me?"

"Zan koma gida. Izinina ya kusa ƙarewa, kuma ni na ce kar a sabunta."

Mama ta dubi Ndinda. Ndinda ta fashe da kuka, ta kwashe komai ta gaya mata, tun daga daƙiƙancin ƙarya har zuwa maganar Kisumu. Dattijuwa ta laluba bayanta ta zauna a kan buhun da ta zo da shi.

"Tsaya in gane. Kai ka kori kanka?"

"Eh, Mama."

"Da hankalinka?"

"Da shi, Mama."

"Wayyo Allah!" Ta juya kan 'yarta, ido jawur. "Ke kuma! Gonar ubanki na sayar na kai ki jami'a, shi ne kika zauna kina kwaikwayon sakarai saboda namiji? Da ba ki girma ba, da yau sai kin kwana a tsaye!"

Ta sake juyawa kan Roshan, ga alama faɗan da ta yo guzurinsa tun daga mota bai ƙare ba, sai dai ya rasa inda zai sauka.

"Kai kuma da kake ta wani rusunawa, haka za ka tafi ka bar min ita tana kuka kamar famfo?"

Roshan ya ajiye tukunyar furen.

"Niyyata in je in dawo da kawuna mu nemi aurenta. Ban so in yi maganar ina neman takarda ba. Ba na son ranar da muka yi faɗa ta ce don zama a ƙasa na aure ta."

Ndinda ta share hawaye da bayan hannu.

"Ko ta yaya sai na faɗa in muka yi faɗa. Gara ka fara sabawa."

"Ndinda, ki yi tunani. Takardar mijin 'yar ƙasa ba ta ba da damar aiki. Sai dai in zauna a gida har Allah ya kawo wata hanya."

"Ka zauna."

"Mutane za su yi magana..."

"Su yi! Na karɓi kujerar, Roshan. Litinin zan gaya wa Mista Gathogo. Ka ce in daina ɓoye abin da na iya, to na iya riƙe gida ma, zuciyata."

Mama ta tafa hannu ta riƙe haɓa.

"Namiji a gida, mace a ofis! Ni dai na ga zamani. Ka iya girki?"

"Na iya shinkafa da miyar kifi, Mama."

"Muthokoi, abincinmu na gargajiya, za ka koya, ga masara ga wake nan na kawo. Kuma akuyoyin gaisuwa da ƙafarsu nake son su. Ba na karɓar hoton akuya a waya."

Ya tafi ƙarshen wata kamar yadda ya faɗa. Ndinda ta yi kuka a filin jirgi har wani mai gadi ya miƙo mata ruwa. Watannin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba, ba sai na ɓoye ba. Ta rame, ta yi faɗa da shi a waya, ta kashe, ta sake kira. Amma ko sau ɗaya ƙararrawa ba ta buga ta tsaya tunani ba.

Bayan damina ya dawo da kawunsa, aka ɗaura aure a cocin su Mama, kawun na ta share zufa saboda wata akuya da ta tsinke ta shiga kasuwa.

Da suka je hukuma neman takardar zamansa, jami'ar da ke bayan gilashi ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Wane kamfani ne ya ɗauki nauyinsa?"

"Ba kamfani ba ne," in ji Ndinda. "Ni ce."

Matar ta ɗago, ta dube ta, ta dubi Roshan da ke tsaye a bayanta riƙe da jakarta.

"Ke wace ce a wurinsa?"

Ndinda ta waiwaya ta dube shi. Ya sa hannu ya riƙe nata.

"Ni matarsa ce."