Sallayar Hajiya a Ajin Yoga

"Wannan ke ce, ko ba ke ba ce?"

Hajiya Hapsatou ta turo waya gaban Raliatou tun ba ta gama amsa gaisuwarta ba. Raliatou, baiwar Allah, ta taso tun daga Paris zuwa Lyon, awa biyu a jirgin ƙasa, ko ruwa ba a ba ta ba.

Ita ce kuwa a hoton. Goshi a ƙasa, kai ba ɗankwali, ƙarƙashin gwiwoyinta koriyar sallayar da Hajiya ta ba ta tsarabar Makka ranar da aka sa ranarta da Mika'il, ɗan Hajiyar.

"Ni ce, Hajiya... amma ba salla nake ba. Yoga ce, motsa jiki."

"Ai na san ba salla ba ce, shi ya tayar mini da hankali. Wa kike wa sujada a kan sallayata?"

Raliatou ta waiga wajen Mika'il. Yana bakin ƙofa da kayan aikinsa na masana'anta, ya dasa ido a ƙasa.

Tsayuwar shagon atamfa a unguwar Goutte d'Or ta Paris ce ta kama wa Raliatou baya, likita ya tura ta ajin yoga na mata zalla a Saint-Denis, kowace Asabar. Wata shida tana zuwa a banza, don tabarmar robar tana cin gwiwarta, da ta durƙusa sai ta miƙe. Malamar, Monique, ta ce in tana son cin moriyar ajin ta zo da abu mai laushi ta ninka ƙarƙashin gwiwa, ta riƙa daɗewa a kowane zama. Tsautsayi, wanda ba ya wuce ranarsa, ya sa duk ɗakinta ba abin da ya kai sallayar laushi. Ciwon bayan kuwa ya sake ta cikin sati uku.

Sai ga Fatou, 'yar ƙanwar Hajiya, wai ita ma ta zo gwadawa. Sau ɗaya ta zo, ta ɗauki hoton ta tura wa Hajiya. Ashe ba baya ke damunta ba, Mika'il ke damunta.

"Na yi kuskure, Hajiya. Ki yafe mini..."

"Allah ya yafe mana duka. Tashi kar jirgi ya bar ki."

Mika'il ya rako ta tashar bas, hayaƙin masana'antun Saint-Fons na tashi bayansu.

"Masoyi, ka yi magana mana."

"Me zan ce, Rali? Hoton ya kai Damagaram. Kawunnaina duk sun gani."

"Zan bar ajin. Yau ɗin nan. Bayana ya yi ta ciwo, na yarda."

"Ba maganar aji ba ce yanzu."

Ta so shi shekara uku, so na tsakani da Allah, kuma ta san muryarsa in ya riga ya yanke shawara.

"Kai ma ka yarda na yi wa wani abu sujada?"

"Haba Rali. Ni da na san ko asuba ba ta wuce ki? Na san ba ki yi ba."

"To koma ka faɗa mata haka. Kalma ɗaya... ina nan tsaye, zan jira."

Ya kalli benen da suka fito. Ya kalli agogonsa. Wallahi da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Uwata ce, Rali..."

"Na sani. Ni ma so na yi ta zama tawa."

Bas ta tsaya. Ta zare zoben baikonsu ta sa masa a aljihun riga, don hannunsa bai miƙo ba. Har ta zauna tana sauraron ko zai kira sunanta.

Bai kira ba.