Ruwan Da Ya Ci Hamidou

Chamsou tana kicin tana tuƙa tuwo a gidansu na McLeansville can ƙasar waje, mijinta Muzammil ya shigo falo da fara'a ya durƙusa ya gaida surukarsa Hajiya Aissa.

"Mama, na samu hutu. Na yankar mana tikitin jirgin ruwan shaƙatawa ni da Chamsou, har wani tsibiri can tsakiyar teku."

Carbi ya suɓuce daga hannun Hajiya.

"Ɗiyata za ka kai ruwa?"

Chamsou ta fito da muciya a hannu. Yayanta Hamidou kwale-kwale ne ya kife da shi a kogi kusa da garinsu Gaya, har yau ba a ga gawarsa ba. Tun daga nan Hajiya takan ce tana jin muryarsa duk sanda aka buɗe famfo.

"Momi, jirgin nan fa ya fi unguwarmu girma..."

"Rufe min baki. In kika taka shi ban yafe ba. Kai kuma in ka gaji da ita, sakar min ita a tudu."

Chamsou ta wuni tana kuka. Huseina, yayar Muzammil, ta bugo waya tana faɗa, wai suruka ta shanye mata ƙane.

"Yaya, ba da ni take faɗa ba, da kogi take yi," in ji shi.

Ya fasa tafiyar, bai sake tayar da zancen ba. Sai dai kowace Asabar yakan ɗauke su a mota ya bi ta gefen wani tafki. Da fari Hajiya rufe fuska take yi da mayafi. Daga baya ta fara leƙawa, har wata rana ta yarda ta zauna a kan benci.

Da bazara ta zagayo, ita da kanta ta ce, "Jirgin nan naka, yana ɗaukar tsofaffi?"

Su uku suka tafi. Tsibirin ba shi da tasha, sai da ƙaramin kwale-kwale ake isa gaɓa. Hajiya ta hangi ƙeyar matuƙin, dogon wuya da kafaɗa ɗaya a karkace.

"Hamidou," ta faɗa can ƙasa.

Ya waiwayo. Wani ne dabam, ko kama ba su yi. Ta ƙanƙame hannun Chamsou ta shiga, idonta a kansa har suka sauka.

Ta taka farin yashi har ruwa ya taɓa mata ƙafa, ta daɗe a tsaye.

"Muzammil, kogin garinmu a teku yake ƙarewa, ko?"

"Haka ne, Mama."

"Ashe nan ya iso."

Ta ɗaga hannu ta yi wa ɗanta addu'a, ta yi kukan da ta yi shekaru ta kasa yi. Sannan ta share fuska ta dube su.

"Na janye maganata. Allah ya yi muku albarka. Kai ɗana ne, ba suruki ba."

Chamsou ta sunkuyar da kai, hawaye na sauka kan yashi.

Da Muzammil ya biye wa zuciya, da ya rasa mata ko ya raba ɗiya da uwarta. Ciwon da ke zuciyar iyaye ba gardama ke warkar da shi ba, sai haƙuri da ladabi.