Abin da Hauwa ta Faɗa a Birni

"Ɗan garinmu ne... kifi yake kawo mana."

Maganar na fita Hauwa ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Ilyasu ya matso. Ya miƙa mata ƙunshin bandar kifin da ya riƙo, ya gaida shugaban tawagarsu da ladabi, ya juya ya bi lungu.

Taron malaman gona ne ya kai ta Damagaram. Ranar hutu aka fito da su yawon Birni, tsohuwar unguwa mai gidajen ƙasa masu zane. Shi kuwa Ilyasu, saurayinta, masunci ne a tafkin Madarumfa, ya kawo kifi kasuwa. Bilki abokiyar aikinta ce ta kira shi a salula ta gaya mishi inda suke, don ta daɗe tana son ganin ranar da Hauwa za ta ji kunya gaban manya.

"Ashe mai kifi ne kawai," in ji Bilki tana murmushi. "Ni da na ɗauka angonmu ne."

Mai yi musu jagora na ta bayanin ganuwa da tsoffin ƙofofi, Hauwa ba abin da take gani sai bayan rigar Ilyasu.

Tana dawowa gida Madarumfa ta wuce bakin tafki. Ta iske shi yana ɗinkin komar kamun kifi.

"Ilyasuna..."

Bai ɗago ba.

"Ka zage ni mana. Shirun nan ya fi ƙarfina."

"In zage ki da mi? Ƙarya kika yi? Kifi nike saidawa."

Hawaye suka zubo mata. "Wallahi ban san yadda maganar ta fito ba... ka yafe mini, masoyina."

Ya aje komar.

"Waɗancan baƙi ne, Hauwa, gobe sun manta da ni. Amma tun bara nike cewa in turo magabatana, kina cewa in dakata, Baba na son mai albashi. Tun a gida kika fara ɓoye ni."

Wannan ta fi yi mata zafi, don gaskiya ce.

Ta goge fuska da gefen mayafi. "Tashi mu tafi."

"Ina?"

"Gida."

"Da kayan ruwa?"

"Haka nan."

Ta tsakiyar kasuwa suka bi, ana kallonsu. Baba na zaune ƙofar gida da abokansa. Ta durƙusa gabansa.

"Baba, ga Ilyasu. Shi nike so. Na daɗe ina jin nauyin faɗa."

Tsohon ya daɗe yana kallon saurayin, tun daga jiƙaƙƙen wandonsa har fuska.

"Kai ne ka fiddo yaran nan da jirgi ya kife da su bara?"

"Ni ne, Baba."

Tsohon ya yi gyaran murya, ya kauda kai.

"Ke tashi ki shiga ciki, ba a wannan magana gaban mata. Kai kuma ka ce wa kawunka ina gida ranar Juma'a."