Ƙofar Bayan Gidan Ƙanƙara

Rana ta yi ja, magariba ta kawo jiki, Mamunatu ta ɗaure bokiti a bayan keke ta nufi gidan ƙanƙarar Alhaji Tijjani. Zom-kom take sayarwa a bakin kasuwar Sankaryare, ruwan gero mai tsamiya da citta, kuma a zafin Afrilu wa zai sha shi da ɗumi? Kullum sai ta je sayen gilas, kamar yadda 'yan unguwar Zango ke kiran ƙanƙara. Kullum kuma sai ta dawo ranta a ɓace.

Ƙanenta Rabi'u ne ke kula da injin gidan, kuma su biyu kaɗai suka rage wa Inna. Ya daɗe yana dawowa gida idonsa ja wur, yana tari kamar tsohon mashayin taba, rigarsa na zarni. Amoniyak ne, iskar da ke zagaya bututun inji tana daskarar da ruwa. Shi da bakinsa ya ce mata wani bututu na yoyo.

"Ka faɗa wa Alhaji?"

"Na faɗa, Yaya. Ya ce sai zafi ya wuce, kasuwa ta lafa."

"Maskin da ake rufe fuska fa?"

Rabi'u ya yi dariyar yaƙe. Maskin na nan rataye a ƙusa, robarsa ta tsattsage, zanzaro ya yi gida a ciki. Durom ɗin ruwan da aka ajiye don wanke ido in iska ta fashe, ma'aikata sun mai da shi na alwala, ba mai sake cikawa. Mamunatu ta yi magana har ta gaji da jin muryar kanta. Abin haushi, wallahi, ba wai ba su sani ba ne.

Abu ɗaya ne ya hana Alhaji barci, ƙofar baya. Ƙofar ƙarfe ce ta ɗakin inji, tana kallon filin da katafilolin ZACA, shirin gwamnati na sabunta birni, suka rushe gidaje. Kowace magariba sai a tarar da ita a wangale, alhali an saka sakata ta ciki. A Zango kuwa ko yaro ya san magariba lokacin rufe ƙofa ne. Baba Hamadu mai gadi ya rantse mutanen ɓoye ne da aka rushe wa matsuguni suke neman wurin kwana, warin ma nasu ne, ai an san su da son zarni. Nan take Alhaji ya yarda, tunda wannan bayani ba ya bukatar sabon bututu. Aka yi turare, aka binne laya, aka toshe tagogi da kwali. A ƙarshe aka huda ƙofar, aka zura sarƙa mai kauri, aka datse kwaɗo ta waje. Makullin ya shiga aljihun Alhaji.

"Kun rufe mutum da guba don tsoron abin da ba ku gani ba?" in ji Mamunatu.

Baba Hamadu ya ce ta iya bakinta, ana jin ta.

To ran nan da ta iso, bencin mai gadi ba kowa, ya tafi masallaci. Ta jingine keke. Sai ta lura ba ta jin bugun inji, wannan dum-dum ɗin da ake ji tun daga bakin titi. Wani sauti ne a madadinsa, siriri, mai tsawo. Ssssss.

A bakin ƙofa tsaka ce kwance, ciki sama. Ga wata. Ga wata kuma.

"Rabi'u?"

Ta shiga ɗakin sayarwa. Warin ya mare ta. Ba zarnin da ta saba ba ne, wannan kamar an watsa mata barkono a hanci. Hawaye suka zubo. Ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin inji wani farin hayaƙi na fitowa, yana rarrafe a ƙasa, yana lasar ƙafafunta. Sanyi gare shi.

Daga can ciki ta ji tari. Sai bugun ƙarfe. Gwam. Gwam.

Ta gane. Bututun ya fashe a kusa da wannan ƙofa, Rabi'u ya gudu ƙofar baya. Ƙofar sarƙa.

"Innalillahi!"

Ta tsoma mayafinta a kwatamin ruwan ƙanƙara, ta rufe hanci da baki, ta fita da gudu. Ta bi lungu. Takalmi ɗaya ya fice, ba ta waiwaya ba. Ladan ya ɗaga murya. Ta sha kwana zuwa bayan gini, ta tsaya cak.

Akwai wadda ta riga ta.

Mace ce, ta ba ta baya, sanye da baƙin saƙi irin na kakanni. A sunkuye take, amma kanta na gogar kwanon rufi. Hannuwanta na cikin sarƙar. Yatsun sun nannaɗe ta kamar igiya.

Tana ja. Ƙarfen na kuka.

Ƙurar wurin lallausa ce, ta rushe-rushe. Mamunatu ta ga sawun ƙafarta ita kaɗai.

Gwam, daga ciki. Bugun ya yi rauni.

Matar ta juyo da kai a hankali. Mamunatu ba ta taɓa iya faɗin kamannin fuskar ba. Muryar kawai ta riƙe, busasshiya, ƙasa-ƙasa, muryar tsohuwar da aka kai bango.

"Kullum ina buɗe muku," in ji ta. "Kullum."

Matar ta dubi ƙasan ƙofar.

"An binne mini abu a nan. Ƙarfina ya ragu. Kama."

Zuciyar Mamunatu ta ce gudu.

Bugun da ke cikin ɗakin ya tsaya.

Ta yi bismilla, ta matsa, ta sa hannunta kusa da waɗancan yatsu. Sun fi ƙanƙarar gidan sanyi.

Suka ja.

Suka sake ja.

Ƙau!

Ƙofar ta wangale. Farin hayaƙi ya kwararo, Rabi'u ya faɗo tare da shi, fuska a ƙasa. Mamunatu ta cafki wuyan rigarsa, ta juya za ta miƙe cikin fili.

"Ba nan ba," muryar ta raɗa mata a kunne. "Can iska ta nufa. Ratsa gefe."

Ta ratsa gefe. Tana jan ƙato kamar buhun gero, idonta a rufe, ƙirjinta na ci da wuta. Ƙafarta ta yi karo da ƙarfe: famfon wani gida da aka rushe, shi kaɗai ya rage a tsaye. Ta murɗa. Ruwa ya zo. Ta tura kan Rabi'u ƙarƙashi, ta buɗe masa ido da yatsa, ruwan na ta zuba.

Ya yi wani tari mai tsawo. Ya ja numfashi.

Da ta ɗaga kai, matar ta yi nisa cikin fili, a miƙe yanzu, ta fi ragowar katangu tsawo. Ba ta juyo ba. Amma maganar ta iso kamar a gefen wuya aka yi ta.

"Na gaji da ku."

Rabi'u ya rayu. Ya yi makonni a asibiti, ya fito idonsa na hagu ya yi fari, muryarsa ta dishe har yau. 'Yan kwana-kwana da suka zo sun juya sarƙar a hannu, suka ga ba yanka ta aka yi ba, miƙewa ta yi kamar alewa. Sun tilasta aka canza bututun. An sayo sababbin maski guda biyu, Alhaji ya kulle su a ofis kada a sace. Ya kuma shiga gaya wa duk mai saurare cewa aljanu ne suka fasa masa bututu don haushin sarƙa, saboda haka ya sayo wadda ta fi ta kauri.

Rabi'u ya koma aiki, tunda Inna sai ta ci abinci. Ƙofar kuwa, tun daga ranar ba ta sake buɗe kanta ba. Ranar da ya koma aka saka sakata, magariba ta yi, ta wuce, shiru. Wannan shirun ne ya fi tsorata Mamunatu.

Washegari da yamma ta ɗauko baƙin zanen Inna ta lulluɓa. Ta zagaya bayan gini, ta ƙwanƙwasa, Rabi'u ya zare sakata. Ta tokare ƙofar da bulo, ta cika durom da ruwan famfo, ta zauna a bakin wurin har injin ya huta. Baba Hamadu ya hango baƙin abu zaune a cikin duhun magariba, ya zubar da buta ya ranta a na kare. Kafin isha'i duk Zango ta ji cewa mai ƙofa ta dawo. Mamunatu ba ta gyara wa kowa zance ba. Sabuwar sarƙar Alhaji na nan cikin ledarta, an rasa mai zuciyar zuwa ya ɗaura ta.

Haka take yi kowace magariba, cinikin yamma ya tafi, haushi na cin ta. Wani lokaci takan dubi filin ta ce a hankali, "Ki huta, Kaka. Na karɓe ki."

Ba a taɓa amsa mata ba.